Sawu a Yashin Mama

Melnsils, Latvia
9 ga Agusta, 2016

Modris,

Gaisuwa ba a hana ta ko tsakanin waɗanda ba sa ga-maciji, don haka ina gaishe ka. Ina fata kana lafiya, kai da matar da aka ce ka aura, wadda har yau ban san kamanninta ba. Yayarka Rasma ce, in ka manta rubutuna. Adireshinka a bayan katin Kirsimeti na samo shi, wannan da kake aikowa duk shekara babu komai a ciki sai sunanka, kamar mai sa hannu a takardar asibiti.

Ba zan yi ta kewaye-kewaye ba. Ka zo garin nan, ka kuma tafi ba ka ƙwanƙwasa ƙofata ba.

Shekaranjiya Lahadi aka yi bikin makabarta, taron nan na shekara-shekara na tunawa da matattu. Kamar kullum, tun ranar Alhamis na ɗauki bokiti da furanni na ja gwiwar nan tawa zuwa kabarin Mama da Baba, don in gyara kafin mutanen birnin Riga su cika wurin suna leƙen kabarin kowa suna ba da maki. Ina isa na tarar an riga ni. An cire ciyawa, an wanke dutsen kabarin, an share yashin da ke kewaye tas, babu sawun ko tsuntsu.

Goggo Biruta tana can gefe a kabarin mijinta. Shekararta tamanin da huɗu yanzu, kunne ya tafi, amma ido da baki suna nan daram.

Ta ce, "Rasma, bana kam kin fita kunya! Ashe kin iya zanen igiyar ruwa, kike ta ja mana layi kamar kunyar dankali shekara bakwai?"

Na ce, "Goggo, tsufa ne ya koya mini."

Ta dubi yashin, ta dube ni, ta ce, "To tsufan naki bahago ne?"

Ka ji irin abin da ka jawo mini. Duk makabartar nan kowa layi yake ja a yashin kabari da manjagara, ko ƙashin kifi in yana jin gwaninta. Gidanmu kaɗai ake yin igiyar ruwa, saboda Baba ya fara ta a kabarin ƙaninsa da teku ta cinye, kuma kai kaɗai ka koya, da hannunka na hagu. Ta Baba dama take karkata. Wannan hagu ta karkata, kowane layi, har da 'yar lanƙwasar nan da kake ƙarasawa da ita a gindin bencin da ke gefen kabari. Ka kuma mayar da ƙaramar manjagarar bayan dutse, ka jingine ta ta hagu, inda hannuna bai taɓa ajiye ta ba.

Ranar biki fasto ya yi wa'azi, an yi waƙa, an shimfiɗa abinci a kan ciyawa bayan shinge. Mutane sun yi ta yaba mini aikin da ba nawa ba, ni kuwa ina ta murmushi kamar wawiya. Wainar karas da na yi irin ta Mama ko yanki ɗaya ban ci ba. Raina ya ɓaci, Modris, kuma na yi kuka, ban san wanne ya riga wani ba.

Ka faɗa mini kwana nawa ka yi, a ina ka kwana, kuma me na yi maka da har za ka gaida matattu ka tsallake mai rai. Takarda na rubuto maimakon waya, saboda in na ji muryarka bakina zai riga hankalina.

Ka huta lafiya.
Rasma

Killybegs, Ireland
21 ga Agusta, 2016

Zuwa ga Yaya Rasma,

Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ina fata kina lafiya, da gida, da gwiwar da kika ambata. Nuala, matata, tana gaishe ki. Wasiƙarki ta kwana uku a aljihun rigar aikina kafin in iya buɗe ta.

Ni ne. Ba zan yi musu ba, tunda har Goggo Biruta ta gane. Na yi zaton na ɓoye kaina sarai, ashe da hannuna na rubuta sunana a yashi.

Kwana biyar muka yi, a wani gidan baƙi a garin Roja da ke kusa da ku. Masana'antar kifin da nake aiki ta ba mu hutun mako guda, abokan aikin Nuala duk suka nufi Sifen. Ita kuwa ta ce, "Shekara shida ina kwana da mutumin da ke sambatu da wani yare. Ka kai ni in ga tekun da ta haife ka." Da ta gaya wa ƙawayenta inda za mu, wata ta ce, "Latvia? Can ma akwai teku?" Na yi dariya, amma abin ya sosa mini rai.

Yaya, teku tana nan yadda na bar ta. Sai ka yi tafiya mai nisa a cikinta ruwa bai wuce gwiwa ba. Nuala ta shiga da gudu ta fito da gudu tana ihun sanyi. Na sayi baƙin burodi na ci rabinsa a tsaye a ƙofar shago, babu man shanu babu komai, har mai shagon ta leƙo tana tambaya ko lafiya. Na nuna wa Nuala inda hasumiyar sojoji take a da, yanzu sai tubali da ciyawa.

A nan na tuna wani abu. Kin tuna lokacin da sojojin kan iyaka suke jan babbar manjagara da tarakta a bakin teku, don in wani mai son tsallake iyaka ya taka su ga sawu? An hana mu zuwa wanka sai a ɗan wurin da suka keɓe. Ina da shekara biyar, kina da sha uku, na yi ta kuka sai na taɓa ruwa a bayan gidanmu. Kika goya ni kika ratsa yashin da ni, kika ce, "Riƙe wuyana da kyau, ɗan rigima. In sun zo, sawu ɗaya za su gani, nawa ne." Suka zo kuwa. Ke kika sha faɗan soja, kika sha na Baba, ba ki taɓa cewa ina wurin ba. Na ba Nuala labarin nan muna tsaye a wurin, sai ta ce, "Wannan ce yayar da kake tsoro?"

Kin tambayi abin da kika yi mini. Ba ki yi mini komai ba sai gaskiya. Ranar da aka binne Mama, shekara bakwai ke nan, na kira ki da yamma daga nan, kika ce, "Modris, tunda ba ka zo tana da rai ba, kada in taɓa ganin sawunka a kabarinta." Kika ajiye waya. Kin kira ni mako biyu kafin nan kin ce jikinta ya tashi, na ce bari kakar kifi ta wuce. Ba ni da abin kare kaina.

Don haka ranar Laraba da safe na je ni kaɗai. Na zauna a benci na gaya wa Mama duk abin da ya kamata in zo in gaya mata tun tana ji. Da na tashi na ɗauko manjagara na fito da baya-baya ina sharewa, kamar yadda kowa ke yi, ina cewa a raina ko ba komai na bi umarninki, ba za ki ga sawuna ba. Ban ma san igiyar ruwa nake ja ba. Hannun ne ya tuna da kansa.

Gida ma na zo. Na tsaya a bayan rumfar ragar kamun kifin Baba, na ji hayaƙin bandar kifinki, na busassun 'ya'yan priede, dogon itacen nan mai ganye kamar allura, wanda babu irinsa a duk ƙasar nan da nake. Na hango ki kina juya kifi, kanki ya yi fari kamar na Mama. Na fi rabin awa a wurin, sauro suna cina, sannan na koma mota.

Ban rubuto don ki yafe ba. Kin tambaya ne, na amsa. Allah ya ƙara miki lafiya.

Ƙaninki,
Modris

Melnsils
4 ga Satumba, 2016

Modris,

Ina amsa gaisuwarka, ka kuma gaida Nuala. Ka gaishe ta da kyau, domin yanzu na san kamanninta. Doguwa ce, jan gashi, hancinta ya ƙone da rana yana saɓa. Ko ba ita ba ce?

Ranar Larabar nan da kake maƙale a bayan rumfa sauro suna ramuwa a madadina, wata baƙuwa ta tsaya a teburin kifina na bakin hanya. Ba ta jin yarenmu, ni ba na jin nata. Ta ɗaga yatsu biyu, na ɗauko mata kifin bute biyu masu kyau daga banda, ruwan zinariya. Ta karɓi ɗaya, ta mayar da ɗaya, ta nuna wanda na ajiye can gefe, baƙin nan da ya kusa ƙonewa. Na ce, "'Yar nan, wannan ba na sayarwa ba ne, ya sha wuta." Ta dage. Na naɗe mata, na nuna mata yadda ake ɓare fatar daga wutsiya. Tana ta kallon fuskata, idonta ya kawo ruwa, ta nuna hayaƙi wai shi ne. Na ce a raina baƙin bana kam akwai masu taɓin hankali.

Kai ka aiko ta, ko ita ta gaji da tsayuwarka ta fito? Ko ma wanne ne, ta fi ka zuciya. Kuma kada ka tambaye ni dalilin da ya sa har yau nake barin kifi ɗaya ya yi baƙi a kowace banda, alhali kai kaɗai ke cin irinsa a gidan nan. Kyanwa nake ba wa.

Yanzu bari in faɗi nawa, tunda ka faɗi naka. Sau uku kafin wancan kiran na ƙarshe na kira ka na ce Mama tana bakin mutuwa. Sau biyu ka baro aiki ka zo ka tarar da ita tana tsinke ciyawa a lambu. Ba ƙarya na yi ba, tana yin rashin lafiyar, amma na ƙara gishiri, saboda na gaji da ɗauka ni kaɗai, kuma ina so in ga fuskarka. Da na gaske ya zo, da irin muryar da na saba na kira ka. Yaya za a yi ka bambance? Wannan na san shi tun ranar da na ajiye maka waya. Shekara bakwai ina sane, ban faɗa ba, don fushi da kai ya fi mini sauƙin ɗauka.

Mama ba ta tafi da fushinka ba. Kwana biyu kafin ta cika ta ce in buɗe taga ta ji teku. Ta ce, "Rasma, ke hannunki na aiki ne, ba na ado ba. Wa zai yi mini igiyar ruwa?" Na ce, "Zan koya, Mama." Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce, "Ke? Bari dai bahagona ya zo." Na gwada, Modris. Bazara uku ina gwadawa in babu kowa a makabarta, abin yana fitowa kamar kaji sun yi tono. Na haƙura na koma layina.

Labarin goyon da ka tuna, ka manta rabinsa. Da muka isa ruwa ka ƙi sauka, ka ce sanyi, ka yi mini fitsari a baya. Wannan ma ban gaya wa Baba ba. Ka gaya wa Nuala, ta san irin jarumin da ta aura.

A watan Maris za a yi mini aiki a gwiwa a asibitin Ventspils. Likita ya ce ko an yi, durƙuso ya ƙare mini. Ban san yadda zan yi da ciyawar kabari baɗi ba. Goggo Biruta ta ce akwai masu yi wa mutane gyara, har su aiko maka da hoto. Na ce ranar da bare ya share yashin Mama, a haƙa nawa a gefe.

Maganar da na faɗa maka a waya na faɗe ta, kuma ni ban iya mayar da magana ciki ba, ba a koya mini ba. Iyakar abin da zan ce ke nan yau. Yanayi ya fara juyawa, baƙi sun watse, bakin teku ya koma namu da tsuntsaye.

Ka kula da kanka.
Yayarka,
Rasma

Killybegs
11 ga Disamba, 2016

Yaya Rasma,

Barka da hunturu, barka da shirin Kirsimeti. Bana ga kati da rubutu a ciki, har ya ƙi isa na ƙara da takarda.

Na daɗe ban amsa ba saboda na fara sau biyar ina yagawa. Nuala ce ta fita da kanta ranar nan. Ta ce, "In kai ba za ka je ba, ni zan je in ga surukata." Na ce in ta ga baƙin kifi a gefe ta sayo, ban yi zaton za ta samu ba. A mota na cinye shi da hannu, ina kuka kamar yaro, tana miƙo mini hankici tana cewa in bar mata ko wutsiya. Ta kuma ji labarin fitsari, na gode. Kwana biyu tana dariya.

Abin da kika faɗa game da kiran waya bai wanke ni ba, Yaya. Ko sau goma kika kira, uwata ce, sai in zo sau goma. Amma na ji sanyi da kika faɗa. Maganar Mama kuwa, na karanta ta sau ɗaya na kasa komawa kanta.

Ga abin da nake roƙo. Zan iya sake zuwa a ɓoye in gyara kabari in gudu, gwiwarki ta huta, Goggo Biruta ta samu abin faɗa. Ba na so. Na gaji da tsayuwa a bayan rumfa. Ban ce ki janye maganarki ba, na san halinki, tare muka tashi. Ki dai ɗora wata a kanta. Ki ce in zo. In kin ce, zan nemi hutun Agusta tun yanzu, kafin masu zuwa Sifen su rabe kwanakin. In ba ki ce ba, zan ci gaba da aiko kati, ba kuma zan ga laifinki ba.

Allah ya sa a yi aikin gwiwa a sa'a. Ki nemi wanda zai riƙa shigo miki da itace, kada ki ce za ki iya.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Modris

Melnsils
2 ga Afrilu, 2017

Modris,

Ina gaishe ku. An yi aikin, ina tafiya da sanda, abincin asibiti kuwa ko kyanwata ba za ta ci ba.

Wata uku da rabi takardarka tana kan tebur ƙarƙashin gwangwanin sukari. Jiya na roƙi maƙwabci ya kai ni makabarta a mota. Ƙanƙara ta narke, ta tafi da igiyar ruwanka gaba ɗaya, yashin ya zama fili kamar ba a taɓa yi ba. Na tsaya a kan sanda ina kallo, sai na ji ba zan iya jure wata shekara bakwai ba.

Bikin bana ranar Lahadi ne, shida ga Agusta. Ka zo tun Laraba, ciyawa ta yi yawa. Ba a Roja za ku kwana ba, ɗakinka yana nan, sai dai ku yi haƙuri da kwalaben jam na shafa wa burodi da na cika shi da su. Ka ce wa Nuala ta zo da hula saboda hancin nan.

Na ce ka zo. Kada ka sa in maimaita.

Rasma

Melnsils
17 ga Agusta, 2017

Ƙanena Modris,

Ina fata kun sauka lafiya. Ka gaida Nuala, ka ce mata ta manta hularta a kan ƙusar rumfa, kuma ba zan aiko ba, ta zo ta ɗauka.

Gidan ya yi shiru. Kwana shida ba komai ba ne, ban gama yi maka faɗa ba ma kuka tafi.

Ka tuna safiyar tafiyarku, da muka biya ka yi wa Mama sallama, ka taka har gaban dutse, sannan ka ɗauko manjagara za ka fito da baya? Na karɓe na ce, "Tafi, bas zai bar ku, ni zan share." To ban share ba.

Yau kwana tara. Igiyar ruwanka tana nan ta karkata hagu, sawunka kuma yana tsakiyarta, shiga da fita, ƙatuwar ƙafar nan irin ta Baba. Goggo Biruta ta tare ni jiya ta ce, "Rasma, wannan abin kunya fa? Kabarin uwarki kamar an yi kasuwa a kai! In gwiwa ce, ba ni manjagarar." Na ce, "Goggo, taɓa yashin nan ki gani." Shekara hamsin da tara ina gudun bakin matar nan, jiya na bar ta tana ta yi, na zauna a benci.

Kullum da safe nakan je in duba. Ba a yi ruwa ba tukuna, amma rediyo ya ce ranar Asabar. In ya sauko ya goge, sai ka zo ka sake takawa.

Yayarka,
Rasma